Barcin Mai da Farkawarsa: Yadda Zafi da Matsi Suke Juya Bayodizal a Cikin Inji

Shugaban taro, malamaina, abokan aiki, ɗalibai, da 'yan'uwa bakanikai da direbobi da nake hangowa a can bayan zaure, barkanmu da haɗuwa.

Zan fara da abin da iyayenmu mata suka riga kowa sani. Idan hunturu ya kankama, aka wayi gari aka ɗauko kwalbar man gyaɗa, sai a tarar ya yi fari-fari, ya yi kauri, har ya ƙi zubowa. Sai a ce mai ya yi barci. A jingine shi kusa da murhu, kafin a gama wanke-wanke ya farka. Man ja ya fi shi saurin barci, man kaɗanya kuwa kusan duk shekara a daskare yake. A ɗakin girki wannan barci ba ya cutar da kowa. Amma ranar da aka sarrafa waɗannan mayuka aka zuba su a tankin tarakta ko janareta, barcin nan shi ne yake toshe filta da asuba, manomi ya yi ta murza inji ya ƙi tashi, ya koma yana zagin bakanike alhali bakanike bai yi komai ba.

Abin da ake kira bayodizal man tsirrai ne ko kitsen dabba da aka sauya wa gini. Kowace ƙwayar sinadarin man girki tana ɗauke da dogayen sarƙoƙi uku na kabon, an ɗaure su a jikin gilisarin, kamar awaki uku a turke ɗaya. Shi ya sa man yake da kauri. Idan aka haɗa shi da metanol, aka sa 'yar soda irin ta masu yin sabulu, aka ɗumama, sai sarƙoƙin su kwance daga turken, kowace ta kama gabanta da ɗan guntun metanol a kanta. Gilisarin ya kwanta a ƙasa, bayodizal ya taso sama. Kilo 100 na mai da kimanin kilo 10 na metanol suna ba da kusan kilo 100 na bayodizal da kilo 10 na gilisarin. Duk wahalar nan don rage kauri ake yin ta. Ana auna kauri da ma'aunin da ake kira sentistok, kuma ruwan sha yana da kusan 1. A zafin digiri 40 na Salshiyos, man gyaɗa ɗanye yana tsakanin 30 da 40, man gas da muke saye a gidan mai yana tsakanin 2 da 4 da rabi, bayodizal kuma yakan tsaya wajen 4 zuwa 5.

Tunanin ba sabo ba ne, kuma gyaɗarmu tana cikin labarin tun farko. A babban baje kolin birnin Faris na shekarar 1900 an tayar da injin irin na Rudolf Diesel da man gyaɗa zalla, bisa buƙatar gwamnatin Faransa, wadda ke neman abin da injuna za su sha a ƙasashen Afirka da ta mulka ba tare da an yi ta jigilar kwal da fetur ba. A 1937 wani masani a Jami'ar Burasal mai suna Chavanne ya yi rajistar hanyar sarrafa man ja da giyar etanol, shekara ɗaya bayan haka aka gwada man a motar bas tsakanin Burasal da Luben. Arhar fetur ce ta kwantar da maganar shekaru da dama.

Kuskuren da na fi yawan ji, har a bakin masu ilimi, shi ne a ɗauki bayodizal a matsayin abu guda, kamar gishiri. Gauraye ne. Galibin wanda ake yi a duniya sinadarai biyar ne suka cika shi: metil palmitet, metil sitiyaret, metil oliyet, metil linoliyet da metil linolinet. Na farkon yana da kabon 16 a sarƙarsa, sauran huɗun suna da 18. Kada sunayen su tsorata kowa, domin bambancinsu abu ne da ido zai iya gani. Palmitet da sitiyaret miƙaƙƙu ne sambal. Oliyet yana da gwiwa ɗaya a tsakiyarsa, inda kabon biyu suka yi ɗauri biyu. Linoliyet yana da gwiwa biyu, linolinet uku.

Ku tuna yadda ake ɗaure karan dawa bayan girbi. Miƙaƙƙen kara yana kwanciya jikin ɗan'uwansa, dami ya ɗauru tamau. Ku gwada ɗaure karkatattun rassan sabara haka, za ku ga sai ramuka, ba sa haɗa jiki. Daskarewa ita ce ɗaurin damin. Shi ya sa metil palmitet sai zafi ya kai wajen digiri 30 yake narkewa, metil sitiyaret sai kusan 39. A cikin wannan zauren da muke zaune, su biyun nan ba ruwa ba ne, kamar kakin zuma suke. Metil oliyet kuwa, saboda gwiwa ɗaya tal, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 20 ƙasa da sifili, linoliyet ya fi shi juriya, linolinet ya fi su duka. Sitiyaret da oliyet tsawonsu ɗaya, amma tsakanin narkewarsu akwai tazarar kusan digiri 60.

Wani zai ce to a cika tanki da masu gwiwa a huta. Da haka ne da an daɗe da hutawa. Injin gas ba shi da fulogi, zafin iskar da fistan ya matse ne yake kunna man, don haka ana son mai wanda yake kamawa da wuri. Lambar da ke nuna haka sunanta lambar sitan. Miƙaƙƙun nan masu saurin barci su ne gwanaye a nan, lambarsu ta haura 70 nesa. Oliyet yana tsakanin 55 da 60. Linoliyet ya faɗo ƙasa da 40, linolinet kuwa ɗan sama da 20 ne, alhali ƙa'idar Turai ba ta karɓar ƙasa da 51. Sannan gwiwar nan ita ce ƙofar da iskar oksijin take shigowa ta lalata mai. Linoliyet yana lalacewa da saurin da ya ninka na oliyet sau arba'in, linolinet kusan sau ɗari. Man da ya tsufa yakan yi hamami, ya yi tsami, ya haifar da danƙon da ke like nozul. Zafi yana hanzarta wannan lalacewa, kuma kun san abin da tankin ƙarfe yake zama a ranar Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri. Gerhard Knothe, wanda ya shafe shekaru yana auna waɗannan sinadarai ɗaya bayan ɗaya a cibiyar binciken noma ta gwamnatin Amurka da ke Fiyoriya, ya karkata ga cewa oliyet ne ya fi kusa da tsaka-tsaki, kuma ni ma nan na tsaya.

Idan an fahimci wannan, to an samu mabuɗin karanta kowane mai. Man ja kusan kashi 44 cikin ɗari palmitik ne, don haka bayodizal ɗinsa yana fara hazo tun zafi yana wajen digiri 13 zuwa 16. Indonesiya, wadda ta kai ga gauraya kashi 35 na bayodizal ɗin man ja a man gas ɗinta a 2023, ba ta da hunturu irin namu. Daren Janairu a Kano yakan sauka zuwa digiri 12 ko ƙasa, na Jos da Agadas ya fi haka sanyi. Man waken suya fiye da rabinsa linoliyik ne, hazonsa sai kusan sifili, amma ba ya jure ajiya. Gyaɗa kuwa tana da wani sirri da ya kamata ɗalibai su riƙe. Yawancinta oliyik ne da linoliyik, abin da ya kamata ya sa ta jure sanyi. Sai dai tana ɗauke da 'yan sarƙoƙi miƙaƙƙu masu kabon 20 da 22 da 24. Gaba ɗayansu ba su kai kashi goma ba, amma masu tsawon cikinsu ba sa narkewa sai zafi ya wuce digiri 50, kuma su ne suke fara daskarewa su jawo hazo tun zafi yana kusan 17. Farin nan da Inna take gani a kwalba aikin waɗannan 'yan tsirarun ne. Filta ba ta jiran mai duka ya daskare, ƙwayoyin farko sun isa su toshe ta.

Jihar Minesota ta Amurka ta sha wannan darasi. A 2005 ta wajabta gauraya kashi 2 kacal na bayodizal, sanyin Disamba na shigowa filtocin manyan motoci suka yi ta toshewa, har aka dakatar da dokar na wani lokaci. Da aka bincika sai aka tarar wani kaso na man bai gama sarrafuwa ba, ragowar gilisarin da ke cikinsa ta wuce ƙa'ida. Kashi 2 ne fa.

Zafi kuma yana taɓa nauyi da kauri tun kafin a kai ga daskarewa. Lita ɗaya ta bayodizal a digiri 15 tana da nauyin kimanin giram 880, ta man gas kuma 820 zuwa 845. Kowane digiri ɗaya da zafi ya hau, lita tana rage kusan kashi bakwai cikin goma na giram. Abin kamar wasa, amma tankar lita 33,000 da aka yi wa lodi da rana tsaka, aka sauke ta da sanyin asuba, zafin man ya sauka da digiri 20, za a ga giɓin sama da lita 500 ba tare da ɗigo ɗaya ya zuba ba. Direbobi da yawa an zarge su da sata a kan wannan, kuma abin yana damuna, domin ma'aunin zafi na 'yan nairori da ɗan lissafi sun isa su wanke mutum. Kauri ya fi nauyi jin zafi. Man da yake 4 da rabi a digiri 40, a digiri 20 ya kusa 7, a kusa da sifili ya haura 10, a digiri 100 kuma bai kai 2 ba.

Yanzu ga ɓangaren da ba a gani a ɗakin girki, wanda shi ne ya fi jan hankalina: matsi.

Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar iska bar 2 ko 2 da rabi. Tsohon injin niƙa da na ban-ruwa suna fesa mai da 'yan ɗaruruwan bar. A 1997 motar Alfa Romeo 156 ta fito da tsarin da ake tara mai a bututu guda kafin a raba wa nozul, wanda bakanikai ke kira kwaman rel, da matsin bar 1,350. Injunan yau sun kai 2,000, wasu 2,500. Bar 2,000 daidai yake da a ɗora tan biyu a kan farcen babban yatsa. Wurin da ya fi ko'ina zurfi a tekun duniya matsinsa bai wuce bar 1,100 ba sosai. A ƙarƙashin wannan nauyi ake tura man ta ramukan da faɗinsu bai fi gashin kai ɗaya ko biyu ba, ya fito da gudun da ya ninka na sauti a iska. A makaranta an koya mana cewa ruwa ba ya matsuwa. A bar 2,000 wannan magana ta faɗi, domin nauyin lita yana ƙaruwa da kusan kashi goma. Kauri kuwa a bar 1,000 ya riga ya ninka sau biyu zuwa uku, kuma yana ci gaba da hawa. Kuna gani, lambar da ke rubuce a takardar shaidar ingancin mai an auna ta a digiri 40, a matsin iskar ɗaki. Man da nozul yake fesawa ya daɗe da barin wannan hali.

Akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. Ƙanƙara idan aka matse ta narkewa take yi, amma mai akasin haka yake, matsi yana tura sarƙoƙin su haɗa jiki, ya taimaka wajen ɗaure damin. Kowane bar 1,000 yana ɗaga matakin daskarewar irin su metil palmitet da kimanin digiri 20. Wato man da yake garau a tanki yana iya fara ƙulla ƙwayoyi a cikin famfo, musamman da sassafe kafin ƙarfe ya ɗauki zafi. Da inji ya yi ɗumi sai lamarin ya juye, domin man da ya ratsa ƙananan kafofi daga babban matsi yana yin zafi ƙwarai, ragowar da ke komawa tanki ta riƙa ɗumama sauran. A cikin awa ɗaya man nan yana iya zama mai kauri fiye da kima, ya koma tsinkakke.

Lissafin da ake amfani da shi wajen bayyana matsuwar ruwa ya girmi injin gas. Jirgin binciken Ingila mai suna Challenger ya zagaya tekunan duniya daga 1872 zuwa 1876 yana auna zafin ƙarƙashin teku, sai aka ba Peter Guthrie Tait na Jami'ar Edinbura aikin gano yadda matsi ya gurɓata ma'aunan. Daga nan ya shiga auna matsuwar ruwa kansa, ya fitar da lissafinsa a 1888. Carl Barus a Amurka ya fitar da na kauri a 1893. Har yau da gyararren lissafin Tait ake tsara alƙaluman metil oliyet.

Sai gudun sauti a cikin mai, wanda mutane kan yi mamakin me ya kawo shi maganar inji. A tsohon tsari, famfo yana gefe, nozul yana kan silinda, bututun ƙarfe ya haɗa su. Idan famfo ya buga, bugun yana bin man da ke cikin bututun da gudun sauti, wajen mita 1,400 a daƙiƙa. Bayodizal ya fi man gas taurin matsuwa, sauti ya fi gudu a cikinsa, don haka nozul yana buɗewa kafin lokacin da maƙerin inji ya tsara, da kimanin digiri ɗaya na juyawar kiranshaf. Injin da yake juyi 2,400 a minti yana cinye wannan digiri a cikin kashi 70 na miliyan na daƙiƙa. Ɗan wannan gaggawa yana sa wuta ta fi zafi, iskar naitirojin-oksaid ta ƙaru. Tat da Van Gerpen a Jami'ar Jihar Ayowa suna cikin waɗanda suka auna wannan. Rahoton hukumar kare muhalli ta Amurka na 2002 ya nuna bayodizal zalla yana rage baƙin hayaƙi da kusan kashi 47, amma yana ƙara waccan iska da kusan kashi 10. A kwaman rel, inda kwamfuta ce take buɗe nozul, wannan dalili ya kau, amma ƙarin iskar bai ɓace gaba ɗaya ba, saboda oksijin da ke jikin man kansa yana sauya yadda wuta take ci. Wannan oksijin, kusan kashi 11 na nauyin man, shi ne kuma ya sa kilo ɗaya yake ba da kuzarin megajul 37 maimakon 43, direba ya ga lita ba ta kai shi inda ta saba.

Ga bakanikai, abu guda nake so ku tafi da shi. Bayodizal ba ya tafasa sai zafi ya haura digiri 330. Man gas da ya sulale ta gefen fistan ya shiga baƙin mai, wani kasonsa yana ƙafewa idan inji ya yi zafi. Bayodizal zama yake yi, ya tsinka baƙin man. Motar da take shan sa da yawa tana buƙatar juye da wuri, kuma a sa ido a kan tsofaffin tiyo na roba, domin yana laushe su.

Waɗannan alƙaluma ba daga sama suka faɗo ba. Nauyi ana auna shi da ɗan bututu mai siffar ƙugiya da ake cika shi da mai a sa shi yana karkarwa, saurin karkarwar ya faɗi nauyin. Kamfanin Anton Paar na birnin Giraz a Ostiriya ne ya fito da na'urar tun shekarun 1960. Ƙungiyar Coutinho a Jami'ar Abeiru ta Fotugal da ta Daridon a Jami'ar Po ta Faransa sun auna waɗannan sinadarai a matsi mai tsanani, kuma a 2009 Marcia Huber da abokan aikinta a hukumar ma'aunai ta Amurka sun fitar da lissafin sinadarai biyar ɗin nan, yadda idan ka san kason kowanne a cikin man ka za ka iya hasashen nauyinsa da gudun sautinsa. Wannan alheri ne gare mu, domin rabin aikin an riga an yi.

Sauran rabin kuwa namu ne, kuma a nan nake da ƙorafi. Nijeriya ta fitar da manufar man tsirrai tun 2007. A waɗancan shekarun aka yi ta yayata bini-da-zugu a Afirka da Indiya a matsayin itacen da zai ba da mai a ƙasar da ba ta noma, aka shuka, amfanin ya zo ƙasa da alkawari, gonaki da yawa aka watsar. Ni ban ga laifin itacen ba. Man sa yana da oliyik sama da kashi 40, linoliyik wajen kashi ɗaya cikin uku, palmitik kusan 15, gini ne mai kyau, kuma ba a cin sa, don haka ba ya ƙwace wa tukunya komai. Gyaɗa kuwa ta fi ƙarfin a ƙona ta a inji, a bar wa masu ƙuli-ƙuli abinsu. Muna da angurya, da darbejiya, da aduwa, da kitsen mahauta, da man suyar da masu ƙosai da awara suke zubarwa. Muna kuma da zurman, wanda kusan kashi 90 na man sa wani sinadari ne dabam mai suna risinoliyik, mai ɗauke da ɗan hannun da yake kama maƙwabcinsa, shi ya sa ko an sarrafa shi kaurinsa yana wajen 15, ba ya shiga inji sai an gauraya shi kaɗan.

Ƙa'idojin da muke kwafowa kuma an ɗinka su ne a jikin wasu. Ta Turai, EN 14214, ta ce kauri ya tsaya tsakanin 3.5 da 5, domin da man wani tsiro ɗan gidan su kabeji da suke nomawa aka tsara ta. Ta Amurka, ASTM D6751, ta buɗe daga 1.9 zuwa 6. Bayodizal na alayyadi, wanda gajerun sarƙoƙi masu kabon 12 suka cika shi, kaurinsa bai kai 3.5 ba: ya faɗi a Turai, ya ci a Amurka, alhali man ɗaya ne. Babu ɗayansu da aka rubuta don garin da mai zai kwana a digiri 10 a Janairu ya yini sama da 40 a Afrilu.

Na'urar auna kauri a bar 2,000 tana da tsada, ba kowace jami'a ce za ta mallaka ba, guda ɗaya ta haɗin gwiwa ta isa yankin nan gaba ɗaya. Amma matakin hazo ba ya buƙatar komai sai kwalbar gwaji, da ma'aunin zafi, da ƙanƙara da gishiri. Kauri a matsin ɗaki yana buƙatar bututun gilashi, da tukunyar ruwa mai tsayayyen zafi, da agogo. Ina roƙon malaman da suke raba wa ɗaliban shekarar ƙarshe batutuwan bincike, kada a tsaya a digiri 40 kaɗai don an ga haka ƙa'ida ta ce. A auna kowane mai daga digiri 5 zuwa 80, a rubuta garin da aka samo irin da watan da aka girbe shi, domin kason sinadaran iri yana sauyawa da zafin wurin da ya nuna. A gauraya kashi 5 da 10 da 20 da man gas na gidan mai a sake aunawa. Sannan a zuba wani a jarka a ajiye a rana tun daga Maris, a riƙa ɗibar kaɗan ana gwadawa duk mako biyu har ruwan sama na farko ya sauka.

Shugaban taro, na ga hannuwa sun fara tashi daga bayan zaure. A fara ba bakanikai dama.